Sai Ta Ɗauki Zafi

Innarmu ta fara buga takardu tun zamanin tafireta, shi ya sa har yau 'yan layinmu ke kiranta Tafireta. Idonta na kan rubutun mutum, bakinta na hira, yatsunta na gudu, kuma ba ka isa ka kama ta da kuskure ba. Da yatsun nan ta ɗauki nauyin karatun ƙaninta, Kawu. Da ya girma ya buɗe shagon buga takardu, sai ya ɗora ta kan kwamfutar shagon.

Kwamfutar tsohuwa ce tun ranar da aka sayo ta, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe. Ga ta da mugun hali. Da safe Inna za ta buɗe shago, babu kowa, wasiƙa ce shafi ɗaya, sai allon ya sandare, aikin ya ɓace ɓat. Amma da rana, ɗalibai sun cika shago, wannan hoto, wancan littafi guda, komai a buɗe, sai ta riƙa gudu kamar ba ita ba. Shi kuwa Kawu sai rana ta take yake zuwa.

"Yaya, ga ta nan tana aiki lafiya lau," in ji shi. "Ko dai hannunki ne ya fara rawa?"

Inna ta nace har aka kira mai gyara. Ya ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi, ta yi ta huci, ko gezau. Ya buɗe cikinta ya leƙa, sannan ya ja Kawu bakin ƙofa suka yi magana. Kawu ya dawo ya ce, "Ya ce ƙalau take."

Wata safiya tambayoyin jarrabawar wata makaranta suka ɓace a hannunta. Shugaban makarantar ya zo yana ta faɗa. Kawu, a gaban mutane, ya ce, "Ku yi haƙuri, ranka ya daɗe, tsufa ne." Bayan 'yan kwanaki ya ce ta zauna gida ta huta. Ƙanin matarsa ya hau kujerar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Inna ta yarda. Ta je aka yi mata tabarau. Ko lambar waya za a danna, sai ta miƙo mini ta ce kada ta ɓata. Matar da ke bugawa ba ta kallo!

Kwanaki na biya shagon da sassafe zan buga takarda. Na tarar da Kawu da surukin nasa suna shan shayi, kwamfutar na kunna bidiyo iri-iri a lokaci guda, an kuma lulluɓe ta da tawul. Na ce, "Kawu, mura take yi?"

Ya yi dariya. "Ɗumama ta muke yi. Akwai wata dalma da ta tsage a ciki. In da sanyi sai tsagar ta buɗe, in ta sha aiki ta ɗauki zafi sai ƙarfen ya kumbura ya haɗe. Mai gyara ne ya faɗa mini."

"Yaushe?"

"Ranar da ya zo mana," ya ce. Sai kuma ya shiga hura shayin da ya riga ya huce. Sau ɗaya mai gyaran ya taɓa zuwa, kuma a ranar Inna na zaune kan kujerar. Ban buga takardar ba, na fita.

A gida na tarar da Inna tana fama da zare da allura. Na faɗa mata komai. Ta juya hannuwanta ta daɗe tana kallo.

"Ashe lafiyarsu ƙalau," ta ce. "Shi ya sani?"

Na ce tun ranar ya sani.

Ta cire tabaran ta ajiye a kan cinyarta. "Ni na riƙe hannunsa na koya masa rubuta sunansa."