Yadda Inna Ta Sauya Salatin Unguwarmu

Wasu shekaru can baya, lokacin ina da ɗan butik, wato ɗan shago, a bakin kasuwar Gecheme kuma ban yi aure ba, an yi wani abu a gidanmu wanda har yau in na ga ana yanka salati sai ya faɗo mini a rai.

A unguwarmu dattawa ciyayya suke yi. Ga wanda bai tashi a irin garuruwanmu ba, bayan magariba ake fito wa kowane magidanci da kwanonsa, a haɗa kwanukan a tabarma ɗaya, a ci na wannan gida a koma na wancan. Ba a tsallake kwanon kowa, don tsallakewa raini ne ga matar da ta girka. Tabarmar unguwarmu kuwa a ƙofar gidanmu ake shimfiɗa ta tun ba a haife ni ba, kuma mahaifina ne uban tafiyar.

In sanyi ya shigo lambunan fadama suka fara bayarwa, kowane gida sai ya ƙara da kwanon salati. A lokacin mayanes ake yayi. Salatin da bai yi fari fat ba, ba a ma lissafa shi cikin salati. A zuba mayanes, a bi shi da man gyaɗa, a murƙushe dunƙulen ɗanɗano, a watsa gishiri, har ganyen ya nutse ka neme shi ka rasa. Ni dai ban taɓa ƙorafi ba, tunda a butik ɗina ake saye.

Wata safiya jiri ya kwashi mahaifina a lambu, aka kawo shi asibiti a kan babur. Majo, wato babban ma'aikacin asibitin, ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya ce tansiyo ne, jininsa ya hau sosai. Ya rubuta magani, sannan ya ce maganin kaɗai ba zai wadatar ba, sai an rage gishiri da dunƙule da maiƙo. Na san abin ba wasa ba ne, domin ciwon nan ne ya shanye wa yayan mahaifina ɓarin jiki, ya yi shekaru a kwance ana juya shi.

Da muka dawo gida na tashi da ƙarfina, ni ga mai hankali. Na ce, "Baba, abin ga mai sauƙi na. Inna ta riƙa yi maka naka dabam, ka ci cikin gida, in ka ƙare ka hita hira."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "In ci ni ɗai bayan danga, awa ɓarawo? Mutane na ƙohwar gidana suna ci, ni ina ɓoye? Gara in hwaɗi bisa tabarmar ga." Ya juya ga mahaifiyata, ya ɗaga yatsa. "Kuma duk wanda ya hwaɗi ma wani ba ni lahiya, ban yahe ba. Ba ni son a riƙa dubana ana sannu."

Ina ta kawo hujja, har da abin da na karanta a waya. Da ya fita, mahaifiyata ta ce mini, "Kai, bar shi. Mutumen ga in ka raba shi da tabarmar can, ka kashe shi tun ciwon bai kashe shi ba."

Daga ranar ta rage gishirin miyarta, sannan ta fuskanci salati, tunda shi ne abin da ya fi so kuma shi ya fi ɗaukar maiƙo. Gwajin farko bai yi kyau ba ko kaɗan. Ganye ne da tumatir da albasa, ta matsa lemun tsami, shi ke nan. Ni na kai kwanon waje. A cikin dattawan akwai wani Bafillace, aminin mahaifina, kuma kun san wasan da ke tsakaninmu Arawa da Fulani. Yana buɗe kwanon ya kwashe da dariya.

"Ba'are, yaushe ka koma bisa? Ko shanuna in za su ci haki sai na ba su gishiri su lasa!"

Kowa ya ɗan taɓa don kara, aka ture kwanon gefe. Ya dawo cikin gida kusan yadda ya fita. Mahaifina ya shigo yana huci, ya ce an kunyata shi gaban baƙin Bafillace. Na ɗauka Inna za ta yi fushi, don duk macen da ta san ciyayya ta san zafin kwanonta ya dawo cike. Sai na ga ta zauna ta tasa kwanon gaba tana dubawa, tana juya ganyen da cokali. Can ta ce, "Ba su ko ɗanɗana ba da kyau. Da ido sunka ƙi shi. Hwari suka so."

Washegari ta aika gidan Bafillacen nan aka karɓo mata kindirmo wajen matarsa. Ta zuba shi a farin ƙyalle mai tsabta, ta ɗaure, ta rataye a reshen bedi, wato dogon yaro, ruwan yana ɗiga a ƙwarya har ya rage mai kauri. Ƙuli-ƙulin kasuwa soyayye ne kuma da gishiri, saboda haka ta karɓi tunkuza wajen masu matsar mai, wato gyaɗar da aka riga aka cire wa mai, ta gasa ta a tanda har ta yi ƙamshi, ta daka. Ta haɗa da tafarnuwa da ɗanyar citta da ɗan barkono, ta gasa daddawa kaɗan ta saka a madadin dunƙule, ta matsa lemun tsami. Ba rana ɗaya abin ya daidaita ba. Ni ne ɗan gwaji, kuma na ci abubuwan da ba zan so maƙiyina ya ci ba. Wata rana tsami ya kama mini haƙora, wata rana daddawa ta yi yawa har na kasa zama kusa da masu sayayya a butik. Ita ko a jikinta, sai ta ce, "Buɗe baki," ta ƙara wannan ta rage wancan.

Ranar da ta dace, na sani tun kafin in kai baki, don ƙamshin ya cika tsakar gida. Abin ya yi fari, ya yi kauri, yana kama ganye ba ya kwanciya a gindin kwano. In ka ci, tsamin ne zai fara tarbarka, sai gyaɗar ta biyo baya, kuma ba ya bar maka nauyin nan a ƙirji.

Na kai waje na tsaya daga nesa. Bafillacen ya kai loma, ya ƙara. Ya ce, "Wanga mayanes daga Yamai anka kawo shi?" Mahaifina, wanda shi ma bai san abin da ke ciki ba, ya gyara zama ya ce, "Ci dai, baƙauye." Nonon shanun mutumin ne, amma bai gane abinsa ba. Kwanon ya dawo kamar an wanke.

Na shiga ina murna, na ce an gama. Ashe ba a gama ba. Dattawa suka ɗauki kwanonmu suka mai da shi na farko, hannu ko ta ina. Mahaifina mai gida ne, ba zai yi wawaso da baƙinsa ba, sai ya samu loma kaɗan ya janye hannu. Daga nan a jawo na sauran gidaje masu ninƙaya cikin mai, ya ci ya ƙoshi. Da muka koma awo, majo ya girgiza kai, ya ce jinin bai sauka yadda ake so ba. A hanya mahaifina ya riƙa dafa kafaɗata. Ranar na ji tsoro sosai.

Na sake kawo shawarata ta masu hankali: a sayi babban baho a cika shi, kowa ya ci ya bar masa. Inna ta ce, "Ko ka cika mota, sai ya ci na maƙwabta. Ba ya tsallake kwanon kowa."

Abin da ta yi ya ba ni mamaki. Maimakon ta ƙara, sai ta rage. Ta ɗauko wani ɗan ƙaramin kwano, ta zuba abin da bai wuce a lasa ba, ta ce in kai. Na ji kunyar ɗaukarsa. A garinmu ba abin da mace ke gudu kamar a ce mata marowaciya, kuma mahaifiyata an san ta da cika kwano. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo a bakin rijiya: wai ta samu abin daɗi tana ɓoyewa, wai tsufa ya zo mata da rowa. Mahaifina ya yi faɗa har ya gaji. Wata rana na shigo na tarar tana share hawaye da gefen zane, wata ƙawarta ta tun ƙuruciya ta yaɓa mata magana a gidan suna. Na ce ta bari haka nan. Ta ce, "Ka tahi butik ɗinka."

Su kuma dattawa, da suka ɗanɗana ba su ƙoshi ba, sai kowa ya koma gida yana mita. Wannan ya ce wa matarsa nata ya cika maiƙo, wancan ya ce nata yana sa shi ƙwarnafi. Maganar ta ishi matan. Maƙwabciyarmu ta jikin danga ce ta fara shigowa, fuska a ɗaure, ko zama ba ta yi ba.

"Wai mi kike sa ma salatin ga naki? Malam ya hana ni sakat."

Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta jawo turmi. Ta nuna mata komai, daga rataye kindirmo har gasa tunkuza, ba ta ɓoye ko ƙwaya ba. Da matar ta kai hannu ga gishiri, Inna ta riƙe hannun. "A'a, ɗan kaɗan, da bakin yatsa. In ya yi yawa shina kashe daɗin nonon. Dunƙule kau kada ki bari ya kusance shi." Ba ta ambaci ciwon kowa ba.

Haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wadda mijinta ba ya shan nono ta koya mata na tsamiya da gasasshen tumatir da ɗigon man gyaɗa. Da lokacin salati ya wuce, haɗin ya koma kan zogale da rama da kabeji. Ba kowa ya bi ba. Akwai wadda ta ce ita ba mai koya mata girki, ta ci gaba da mayanes ɗinta, kuma miyar gidaje da yawa tana nan da gishirinta. Amma yawancin kwanukan da ke kan tabarmar nan sun zama abin da mahaifina zai ci ba fargaba. Yakan cika cikinsa da ganye, in an zo kan tuwo ya ɗan taɓa na kowa don kara. Da maganin da Inna take ajiye masa kusa da butar alwala kowace asuba, jinin ya sauka a hankali. Inna ta koma babban kwanonta. Ni kuma kwalaben mayanes suka yi ta zama a kan kanta suna kallona, matar Bafillace tana ta cinikin kindirmo.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Ni da majo gaskiya muka faɗa, amma gaskiyarmu ta tsaya ne a kan abin da za a hana mutum. Ita ta tsaya a kan abin da zai ci, da wanda zai ci da shi. Ban taɓa ganin wanda ya daɗe a kan abincin da ba ya masa daɗi ba, komai tsoron da aka ba shi. Kuma ban san mutane nawa ne za su yarda a kira su da sunan da suka fi ƙi, su yi shiru, alhali kalma ɗaya za ta wanke su ba. Ina alfahari da matar nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Mahaifina yana nan da ransa, ya tsufa, bakin nan dai bai mutu ba. Da na je gida kwanan baya na ji yana cika baki wai majo bai san aikinsa ba, shi bai bar cin komai ba, abin da kowa ke ci shi yake ci, ga shi garau. Na shiga ciki na tarar da Inna tana kankare kwanuka. Na ce, "Inna, har yanzu ba ki hwaɗa mishi ba? Ko godiya ai ya yi miki."

Ta ce, "Ranar da ya san magani na, ranar zai bar ci."

Daga waje muka ji ya daka wa Bafillacen tsawa a kan ya cinye masa tumatir, dattawa suka fashe da dariya. Ta tsaya da kankarar, ta karkata kai tana saurare har dariyar ta lafa.

Ta ce, "Ka ji shi ko? Ni abin da nike so ke nan."