Mai Tsaron Jemagun Gangaren Tudu

Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Rajab, 1446, aka aiko mini cewa Malam Dabo na Gangaren Tudu ya amsa kiran Mahaliccinsa, bayan jinyar kwana tara. Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take.

Malam, kai ne manomin da maƙwabci bai taɓa tarar da rumbunsa a rufe ba. Sai dai tun da muka dawo daga maƙabarta, maganar jemagu ce ta hana ni sukuni.

Shekara shida ke nan da mu masu lambun mangwaro a bakin rafi muka ce ɓarnar jemagu ta ishe mu. Muka turnuƙe su da hayaƙin barkono, muka sassare rassan da suke rataya a kai. Ka iso da sandarka kana haki, ka ce, "Ku bari, 'ya'yana. Su ke kai garin fure daga wannan ɗorawa zuwa waccan. In sun tafi, kalwa za ta bi su." Ni na fara dariya. Na ce, "Baba, yaushe jemage ya zama ɗan ƙwadago?"

Bazara ta zo, ɗorawa ta yi fure ja wur kamar garwashi, furen ya kakkaɓe ba 'ya'ya. Iya Rahamatu, mai ɗakinka, ta kife tukwanen daddawarta. Masu gawayi suka ce itacen da ba ya haihuwa na gatari ne. Da inuwa ta kau, rafin ma ya riƙa ƙafewa tun rani bai yi nisa ba. Ba ka taɓa goranta mini ba. Ragowar daddawar gidanka ma ka aiko wa iyalina.

Mun kori baƙon magariba da wuta,
Ashe shi ke riƙe da miyar gida.
Mai faɗa mana gaskiya ya kwanta,
Wa ya rage da zai ce mana a'a?

Tsamiya ɗaya ta saura a gonarka, inda jemagun da suka tsira ke fakewa. Ranar sadakar uku na ga wani mai injin yankan itace ya yi gaisuwa, sannan ya tsaya yana auna gindinta da ido.

Ɗayyabu, babban ɗan marigayi, ina yi maka ta'aziyya, kai da Iya da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ina kuma roƙonka da bakin da ya yi wa mahaifinka dariya: kada ka ba da tsamiyar nan.

Allah Ya jiƙan Malam Dabo, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanya shi a inuwar da gatari ba ya kai mata.