Zaren da Ke Marfin Kwanonsa

Ni mai zaman gida ce. Kano ma, in ba larura ba, ba na zuwa. Yawancin abin da na sani na duniya ta kunne ya shigo mini, daga bakin masu zuwa ɗiban ruwa a rijiyarmu. Amma akwai abin da na gani da idona a gidanmu na Gwarzo, wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Gidan mahauta aka kawo ni aure. Maigidana shi ne babba, yana da ƙane guda, dogo, mai faɗin kafaɗa, ga dariya. A shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, nama ya koma sai ranar suna, sana'a ta yi sanyi, ƙanen kuwa ya rungumi dambe, gadon kakanninsu. Da kaka ta yi sai ya ɗauki zaren naɗe hannunsa ya bi makaɗa, yau Getso, gobe Gammo, jibi Kabo, daga baya har garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba.

Ni da shi kullum cikin tsokana muke. Zai gutsiri tuwo ya ce, "Matar Yaya, wannan ai ya fi naushina tauri."

In ce, "To ci a hankali kada ya kai ka ƙasa, tunda kowa ma kai ka yake."

Wata kaka a Getso aka kai shi ƙasa da gaske, ya suma. Al'adarsu in ɗan dambe ya faɗi, sai a kwara masa ruwa, mai kalangu ya durƙusa daidai kunnensa yana buga takensa har ya miƙe. In ya miƙe, shi ke nan, an ce kiɗa ya warkar da shi. Haka aka yi masa, ya tashi, ya sake shiga fili. Da la'asar aka kawo shi gida a kan babur, ya zauna gindin rumbu ya dube ni.

"Matar Yaya, an fara wasan?"

Na ce, "An ma gama, sarkin faɗuwa."

Ya yi dariya. Ban gama juya miya ba ya sake tambaya, da murya iri ɗaya, yana jan ƙarshen maganar sama kamar mai tambayar hanya. Haka ya yi ta yi har dare, mu kuwa muna ta dariya. Washegari ya warware, ya koma yawonsa. Sau nawa aka sake tashinsa da kalangu a garuruwan mutane, Allah kaɗai ya sani.

Shekaru suka ja, shari'a ta zo. Kiɗan fili ya ɗauke a wajenmu, aka rufe gidajen mata masu zaman kansu, mutanen da suka daɗe a bariki suka riƙa dawowa gida. Wasu sun dawo da ciwon ramewa, ƙanjamau, wanda ko sunansa ba a son kira, sai dai a ce "ciwon nan." A cikin wannan ayarin ƙanin maigidana ya dawo. Ya rame, hannunsa na rawa, yana tafiya yana tangaɗi, in ya ci abinci wani lokaci ya amayar. Gari kuwa ya san inda 'yan dambe ke sauka in sun je baƙunta. Ba wanda ya tsaya tambaya.

Yana da mata a gidan, iyayenta suka zo suka tafi da ita. Maigidana, don tsoron 'ya'yansa, ya ce a ware masa kwano. Inna, mahaifiyarsu, tana hawaye ta yanko zare daga na dambensa ta ɗaura a marfin, don kada a haɗa da sauran. Maza suna zaure suna cin tuwo a kwano ɗaya, ana ta shewa, shi yana gindin rumbu shi kaɗai. Abokan da suke ɗaukarsa a kafaɗa in ya yi nasara, sai su yi sallama daga ƙofa su wuce. Har na riƙa jin yana yi wa awaki hira. Ni a ganina, zaman nan ya fi ciwon cin jikinsa.

Wata safiya ina surfe, sai na ji daga bayana, "Matar Yaya, an fara wasan?"

Taɓaryar ta tsaya a hannuna. Na amsa masa, can ya sake. Muryar nan ce, da jan ƙarshen nan, ba abin da ya canza.

Da maigidana ya shigo na tare shi. "Malam, wannan ba sabon ciwo ba ne. Na Getso ne ya dawo."

Ya ce, "Yaushe kika zama likita?"

"Ban zama ba. Kunne gare ni. Tsaya ka ji."

Ya tsaya ya ji. Inna ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Wallahi haka ya yi ta yi ran nan. Ka kai mini ɗana asibiti."

Suka je Kano. Aka auna jini, ba ciwon nan. Maigidana ya dawo yana maimaita mana bayanin likita, mu duka mun riƙe baki. Wai ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo take a ƙwarya, kowane naushi girgiza ta yake. Wai wanda ya suma hutu yake buƙata, tashin nan da kiɗa a koma fili shi ne ya fi ɓarna. Abin da muke yi wa guɗa ke nan! Likitan ya kuma ce ko da ciwon nan ne, cin abinci tare ba ya kawo shi. Na tuna wasu gidaje a unguwarmu inda na san akwai kwano a ware.

Sai dai maganar likita ba ta shiga kunnen gari da wuri. Wata rana da azahar na zuba tuwo kamar kullum, sai maigidana ya ce, "Juye na zaure duka a kwanonsa." Ya ɗauki kwanon, ya kama hannun ƙanensa, suka nufi zaure. Na bi su da ruwan wanke hannu na laɓe bayan ƙofa.

Mutanen zaure suka ga marfin da zarensa. Wani ya fara laluben takalminsa. Shi kuwa ƙanin maigidana idonsa na kan zaren. Ya kwance shi, ya fara naɗawa a hannunsa na dama, ta bayan yatsu, ta tafin hannu, ya ja da haƙori ya ɗaure, yadda yake yi kafin ya shiga fili. Mutumin da ba ya tuna ko ya yi salla! Ina kallo rawar hannun ta tsaya cak. Subhanallahi. Wanda ya halicci kai, shi ya san abin da ya ajiye a ciki, da inda ya ajiye shi.

Ya ɗago ya ce, "Yaya, an fara wasan?"

Maigidana ya ce, "An gama, kai ka yi nasara. Kwance ka sa hannu." Ya yi bisimilla, ya gutsira daga gefen ƙanensa. Wani dattijo, abokin babansu, ya matso ya ce a miƙo masa ruwa. Mai laluben takalmi ya koma ya zauna.

Ƙanin maigidana bai warke ba, har ya koma ga Allah yana wannan tambaya. Amma a zaure yake yin ta, cikin mutane, kuma kowa ya koyi amsar.