Makokin Mai Rai

Na je Kuala Lumpur ne domin a duba mini ido, sai annoba ta rufe hanyoyi, na zauna a gidan 'yata da mijinta a Pantai Dalam. Surukin nawa ɗalibin tarihi ne a jami'a, bincikensa a kan yaƙin teku. A Kano da wuya mu haɗa ido, amma kulle ya rage mana kunya, har muka saba zama a baranda bayan la'asar, ni da littafin fiƙihu, shi da kwamfutarsa, jiragen ƙasa suna wucewa ƙarƙashinmu babu kowa a ciki.

Wata rana ya nuna mini hoton wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamusawa da aka kama a yaƙin duniya na biyu. Ya ce kama irinsa yana da wuya, domin an umarci mutanensa, idan aka fi ƙarfinsu, su buɗe wa ruwa hanya jirgin ya nutse da sirrinsa. Wannan kuwa bama-bamai suka tilasta masa tasowa, mutanensa suka faɗa teku, abokan gaba suka yi hanzari suka shiga suka toshe kafar ruwan, suka jawo shi. A ciki suka sami na'urar da ake ɓoye saƙonni da ita.

Na ce, "To, mutanen fa?"

"An tsamo su, Baba. Amma killace su aka yi, babu saƙo zuwa gida. Da labari ya fita, da Jamusawa sun sauya sirrin. Iyayensu kuwa aka bar su a kan cewa sun mutu."

Na rufe littafina. Na gaya masa malamanmu sun yi dogon bayani a kan ganima da fursuna, da wanda ya ɓace ba a san makomarsa ba. Na ce jirgi kam ganima ne, amma ban ga inda aka halatta a bar uwa tana kukan ɗan da yake numfashi ba.

Ya yi dariya. "Baba, da kai ne kwamandan, ai da an cinye mu."

"Da an cinye ku, amma da kun tashi da hujja ranar hisabi."

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama shi, numfashinsa ya yi nauyi, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Babu ziyara, shi kuma ba ya iya magana. Wayarsa ta zauna a gida, mahaifiyarsa, Hajiya, tana ta kira daga Kano. 'Yata ta ce a gaya mata gaskiya. Na hana, na ce tsohuwa ce mai hawan jini, kauce wa cuta ya fi gabata.

Da ta sake kira, ni na ɗauka. Muka gaisa gaisuwar surukai, na ce ba zai samu damar magana yanzu ba. Ƙarya ba ta fita daga bakina ba. Sai dai harshe ya bi abin da ya saba: na yi mata nasiha a kan haƙuri, da yarda da ƙaddara, da ladan wanda aka jarraba da abin da yake so. Sai ta ce, "To, Malam. Na gode."

Daga nan ba ta ƙara kira ba, ni kuwa na ɗauka hankalinta ne ya kwanta. Na mance cewa a wurinmu, idan dattijo ya amsa wayar yaro ya kama zancen haƙuri, abu ɗaya yake nufi. Ni kaina an sha aikena gidaje da irin wannan saƙo. Ƙannensa sun kira 'yata, ita kuma, saboda umarnina, ba ta wuce cewa su dai yi addu'a ba.

Allah Ya ba shi lafiya. Ranar da ya iya magana ya ari waya a asibiti ya kira gida. Ƙanwarsa ta ɗauka, ta ƙwalla ihu. Ashe an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata sun yi ta shigowa gaisuwa, har an yi sadaka. Masu cewa a jira tabbaci, Hajiya ta ce musu Malam ba ya wa'azin haƙuri a banza.

Na kira ta na nemi afuwa. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta yafe. Sannan ta ce, "Malam, da ka ce mini yana kwance, ai da lafiya na roƙa masa. Ni kuwa duk kwanakin nan gafara da sauƙin kabari nake nema masa."

Har na baro ƙasar, idan ta kira takan yi hira da ɗanta da matarsa, ta ce a gaida Malam, amma ba ta taɓa cewa a miƙo mini wayar ba.