Ranar da Muryar Inna ta Fito a Lasifika

Ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, ba zan manta da ranar walimar saukar Alƙur'anin ƙanwata a Kusada ba.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a wani shagon haɗa kayan sauti a Kankia ba, kaina kuwa ya kumbura. Na ce wa Baba kada a ɗauko kowa, ni zan yi komai. Maza suna rumfa a ƙofar gida, mata suna ciki. Na ajiye wa kowane ɓangare na'urar sauti da makirfo da lasifika, na haɗa su a kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke sada su da juna. Ni kuma na hakimce a zaure da kwamfuta ina rubuta umarni a baƙin allo, abu ya kunnu ko ya mutu ba tare da na taɓa shi ba.

Maigidana na shago ya sha gaya mini a irin wannan aiki a raba hanyar sadarwar gida biyu, abin da muke kira sabnet. Kowane ɓangare da nasa jerin lambobin adireshi, yadda na'urar wancan ba za ta aika wa wannan komai ba sai an ba ta izini. Ni na ga ɓata lokaci ne. Na zuba su a jeri ɗaya, na bar rauta ta raba musu lambobi yadda ta ga dama.

Ana cikin karatu janareta ya mutu. Da aka tayar da shi, rauta ta sake rabo, lambar na'urar maza ta koma kan ta mata, ban sani ba. Malam, malamin ƙanwata, ya gyara murya a rumfa zai yi addu'a, na rubuta umarnin a buɗe makirfonsa ya fita a duk lasifikoki. Na danna, har ina karkaɗa ƙafa.

Muryar da ta fito ba ta Malam ba ce, ta Inna ce.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "kai" sai "yaron nan", ko yabona ake yi a gabanta kau da kai take yi. Ashe tana hira da aminiyarta a ɗakin da na ajiye makirfon mata. Sai ga sunana ya fito rangaɗau.

"Ke dai bari," in ji ta. "Duk abin nan da kika gani shi ya haɗa. In ina kallonshi sai in ji zuciyata ta cika. Kunya ce ke hana ni faɗa mashi."

Kowa a rumfa ya ji. Yayyen Baba, waɗanda Inna ko ido ba ta haɗawa da su, suka sunkuyar da kai. Wani taubashina ya ce, "Ashe dai an san sunan!" Aka fashe da dariya. Ina ta rubuta umarni yana kuskurewa, sai da na ruga na fizge waya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta sake leƙowa waje ba har baƙi suka watse. Walimar 'yarta guda, a ɗaki ta ƙarasa ta. Da yamma na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, ki yi mani aikin gafara."

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maganar ba taka ba ce, ba tasu ba ce. Tashi ka ci abinci."

Kalaman da na girma ina marmarin ji, na ji su, amma ba ba ni su aka yi ba, kuma har yau in na tuna kunya nake ji. Na koyi cewa wanda aka ba ikon buɗe murya daga nesa, ya fara tabbatar da bakin wa yake buɗewa.