Tekun Baba a Milezi

Shekarar da Baba ya dawo daga umra, ba shi da labarin da ya wuce na wani akwatin gilashi da ya gani a masaukinsu na Jidda. Ya ce teku ce aka yanko aka ajiye a ɗaki, da duwatsunta da furanninta masu motsi. A lokacin ya riga ya bar wa ƙannena shagon kayan mota, Inna ta rasu, gidansa na unguwar Milezi a nan Njamena ya yi masa faɗi. Sai ya ce shi ma zai kafa irin wannan a falonsa.

Ni shadda nake sayarwa a babbar kasuwa. Kullum aikina ke nan, in murza yadi, in ƙona zare, in raba na gaske da jabu. Don haka ran da na zo daga gidana a unguwar Abena na tarar da wani baƙo a kan dardumar Baba yana shan shayi, ban yi masa kallon alheri ba. Bahaushen Garwa ne, yana fatauci tsakanin Duwala da nan, wani abokin Baba na masallaci ya haɗa su. Bakinsa da zaƙi, duk abin da aka tambaye shi amsa na nan a shirye. Irinsa na fi tsoro a shago.

Ya kawo akwatin, da buhun gishiri na musamman, da fitila mai shuɗin haske, da ɗan injin kaɗa ruwa, da matatar ruwa. Sannan ya fito da duwatsu masu ramuka daga cikin kula, ya ce duwatsu ne masu rai. Na ɗauki guda na juya shi. Dutse ne kawai, jiƙaƙƙe, mai ƙarni. Aka jera su, aka cika akwatin da ruwan gishiri, aka haɗa da batirin sola saboda kahraba, wato wutar lantarki, ba ta da alkawari a unguwar. Sai ya ce kada a saka komai sai bayan mako shida, wai ruwan sai ya nuna tukuna.

Mako shida Baba na zaune gaban duwatsu. Duk Juma'a in zo in same shi da kujerarsa, yana nuna mini wani ɗigon shunayya da ya ce jiya babu shi. Na gaya wa ƙannena an sayar wa tsohon nan tsakuwa, kuma mutumin ba zai dawo ba. Suka ce in bar shi tunda yana jin daɗi.

Mutumin ya dawo, har da kwana biyu kafin wa'adi. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, na ce a raina bai gama da mu ba ne. Ya kawo murjani iri huɗu a ƙulle cikin leda, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, ya ce su ne masu haƙuri da ɗan koyo. Akwai mai kama da ciyawa kore shar, da wani faifai-faifai mai ruwan ƙasa, da wani mai 'yan hannuwa da ke buɗewa suna rufewa ba hutawa, sai babbansu mai doguwar ƙafa kamar laima, wanda ya kira mai fata. Ni murjanin da na sani shi ne na wuyan Inna, ja, mai tauri. Na faɗa masa haka. Ya ce dangi ɗaya ne amma waɗannan ba su da ƙashi. Da ya fita alwala na tsoma tsinken tsintsiya na taɓa koren, don in ga ko roba ce. Nan take ya shige cikin dutse. Na yar da tsinken ban gaya wa kowa ba.

Kafin ya tafi ya yi wa Baba gargaɗi. Ruwan zai riƙa raguwa saboda zafi, in ya ragu a cika shi da ruwan matata zalla, kada a sa gishiri ko kaɗan. Wannan magana ce ta tsaya mini. Abin da aka ce ɗan teku ne, a riƙa zuba masa ruwa salam? Na lissafa cewa so yake su mutu a hankali, ya kawo wasu. Na jira ya hau hanya, na zaunar da Baba na yi masa bayani. Sai ya ce, "Uwata, kin tabbata?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na ce na tabbata. Daga ranar ya koma dama gishiri a duk bokitin da zai ƙara.

Afrilu ya shigo da zafinsa. Baba ya sa fanka a kan ruwan, yana jefa gorunan ƙanƙara daga firji da azahar, ruwan kuwa sai raguwa yake, shi kuma yana ƙarawa. Mai 'yan hannuwa ya daina motsi, cikin kwana uku ya narke kamar majina. Mai fata ya sunkuya, ya rufe, jikinsa ya yi sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma. Na kira wayar mutumin sau bakwai ba ta shiga. A wurina magana ta ƙare.

Da Baba ya tafi la'asar, na ciro mai fata da cokali na sa a kwalba da ruwansa, na hau kilando, babur ɗin haya, zuwa shagon wata 'yar'uwar mutumin inda yake sauke kaya. Niyyata in ajiye mata gawar ta ba shi. Sai ga shi a ƙofar shagon, ranar ya iso, motarsu ta kwana huɗu a daji babu rezo, waya ba ta shiga. Na dangwara kwalbar a gabansa, na faɗi abin da ke bakina, kuma ban rage murya ba. Ya buɗe kwalbar ya shinshina.

"Hajiya, wannan bai mutu ba," ya ce. "Matacce wari yake, ba ki iya riƙe shi a kan kilando. Saɓa yake yi. Mu je in ga ruwan."

Mun tarar da Baba tsaye gaban akwatin yana duban gurbin da babu komai. Bai tambaye ni ba. Mutumin ya mayar da mai fata wurinsa, ya ɗiga ruwan a wani ɗan ma'auni mai kama da guntun bututu, ya ɗaga shi sama ya leƙa. Ya sake ɗigawa ya sake leƙawa. Sannan ya ce gishiri ya haura nesa da ƙa'ida. Ruwa ne ke tashi da zafi, gishiri yana nan ba ya zuwa ko'ina, duk wanda aka ƙara taruwa yake. Ya tambayi wa ke cika akwatin.

"Ni ne," in ji Baba. "Tsufa ne, na manta abin da ka ce."

Mutumin ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai kan aikinsa. Ya ce ba za a gyara a rana guda ba, kowace safiya a kwashe kofi biyu a mayar da ruwa zalla. Ni na riƙa zuwa ina yi kafin in buɗe shago, kwana tara. A na biyar wata 'yar fata mai kama da ledar burodi ta saɓule daga mai fata, Baba ya zuƙe ta da sirinji. Washegari mai fata ya miƙe, kansa ya cika da 'yan gasu farare.

Baba bai taɓa tayar mini da zancen ba. Na so in ba mutumin haƙuri, sai na aika masa da yadi biyar na shadda mai kyau ta hannun 'yar'uwarsa, ba tare da saƙo ba. Ya ɗinka, na gan shi da ita. Amma har yanzu ban tabbata gishirin ne kaɗai ya kashe mai 'yan hannuwa ba, don na karanta a waya cewa ba ya son zafi, kuma mutumin ya san Afrilun Njamena lokacin da ya kawo shi. Bana ya fara yi wa Baba zancen injin sanyaya ruwa da kifi biyu masu ratsin fari. Na ce a bari in zo tukuna, a yi maganar ina zaune.