Ranar da Wuyana Ya Ƙi Gaisuwa

Shekarar da fari ya ƙone gonar babana a Tirmini, ina karatu a jami'a a Damagaram, mu shida a ɗaki ɗaya kamar kaji a akurki. Famfo ya kafe, kullum sai mun ɗauki bido, wato jarka, a ka mun je neman ruwa. Shi ya sa da na tashi wata safiya wuyana a ƙage, kaina yana sara, 'yan ɗakinmu suka ce bido ne, suka shafa mini man zafi. An yi ta raɗe-raɗin sanƙarau a ɓangaren maza, amma wa yake so a ce shi ne? Ga jarrabawa a ranar, ni kuma taurin kai gadona ne.

A bakin ƙofar makaranta akwai wata dattijuwa mai sayar da kunu, Kirista ce daga unguwar Zango, ta daɗe tana aikin jinya kafin ta ajiye. Kullum sai na durƙusa, na sunkuyar da kai na gaishe ta, yadda uwata ta hore ni. Ƙawayena kuwa su yi ta dariya, wai ƙauyanci.

Ran nan na gaishe ta a tsaye ƙiƙam. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar Tirmini, yau boko ya hau miki kai?"

Na ce, "A'a Inna, wuyan ne, ɗaukar bido ne."

Ta ajiye ludayi, ta dafa goshina. "Taɓa ƙirjinki da haɓarki in gani." Na gwada, na kasa, sai hawaye. Baiwar Allah nan ta bar kununta a buɗe, ta tare ɗan kabu-kabu, ta ɗora ni a babur ɗinsa, ta hau bayana ta rungume ni. Ina ta gardama, wai jarrabawata. Ta ce, "Rufe mini baki. Gawa ba ta jarrabawa."

A asibiti suka ɗebi ruwa a bayana, aka shiga yi mini allura. Likita ya ce sanƙarau ne, da na ƙara kwana a ɗaki, da sai dai labari. Ina kwance aka yi wa 'yan makarantarmu rigakafi. Jarrabawa ta wuce ni, kunnena na hagu bai ƙara ji ba, kuma wallahi ban taɓa jin haushi ba. Wasu da suka ɓoye ciwon ba su koma gida ba.

Da aka sallame ni, ban wuce ko'ina ba sai wurinta. Na durƙusa, na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirjina, ina ta kuka. Ta zuba mini kunu, ta ce, "Yauwa ɗiyata, haka na san ki."